Daminar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Magana biyu ake yi a dangin ubanku game da daminar da yayanku Auwalu ya kwanta, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. Wasu na cewa aljanun tsamiya ne suka buge shi. Wasu na cewa ni na tona masa asiri a gaban mutane har aurensa ya lalace. Ta biyun tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an gutsure ta. Tunda Allah ya ja kwanana har na ga 'ya'yansa sun fara tambaya, zan faɗa muku yadda abin ya faru, wanda ya ga dama ya ci gaba da riƙe tasa.

Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba sai a baki. Gidanmu gidan Fulani ne da suka zauna suka kama noma a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, kuma a irin gidan nan mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tambaya a fili ko ya ci ko bai ci ba. Ana yaye Auwalu, Dada, uwar mijina, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, can ya girma. Ni Adda yake ce mini, kamar yadda ƙannena ke faɗa. In zan yi maganarsa sai in ce "na ɗakin Dada". In ya shigo tsakar gida ya gaishe ni, ina amsawa ina kallon tukunya. Kada ku ɗauka ƙi ne. Haka uwata ta yi da yayana, kuma da haka ake gane mace mai filako. Ni kuwa na iya, har da ni ake yi wa amare misali.

Amma wadda ba ta kallon fuska tana da sauran abin dubawa. Ni ce mai tuƙa tuwon gidan. Kwanonsa ta hannuna yake fita, ta hannuna yake dawowa, kuma tun yana yaro Auwalu ba ya rage komai, har miyar gefe yake sharewa da yatsa. A farkon waccan damina kwanon ya fara dawowa da rabi. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama an gutsuri gefe ɗaya an mayar da murfi. Na ƙara man shanu, na canza miya daga kuka zuwa kuɓewa, duk ɗaya. Shayi kawai yake sha, mai baƙi, mai sukari kamar za a yi alewa.

Aikinsa huɗa ne. Yana da bijimai biyu da garma, in ya gama gonarmu sai ya yi wa mutane. A shekarar an sa masa rana da Hajara, 'yar wani mai awon hatsi a Roni, za a yi biki bayan kaka, shi ya sa ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuma yana yi. Ya fita da asuba, rana ta take yana gona, la'asar ta yi yana gona. Gari ya ɗauka, ana cewa Auwalu inji ne. Ubanku in ya dawo daga masallaci sai ka ga yana tafiya yana buɗa kafaɗa. Wata safiya na same shi yana tufkar igiya a gindin rumbu, na tsaya daga gefe.

"Malam, na ɗakin Dada ba ya cin abinci."

Ya ɗago ya dube ni yana dariya. "Yau kuma ke ce da wannan magana? Saurayi mai shirin aure ina ya ga ta tuwo? Ko kin manta yadda na rame a kanki?"

"Ban ga ka rame ba. Kullum ka zo gidanmu sai ka shanye mana fura."

Muka yi dariya, magana ta wuce. Amma ni ba ta wuce mini ba.

Abu na biyu shanun ne. Auwalu da hannu yake ba su dusa, yana cire musu kaska yana yi musu hira kamar mutane. Wata rana ina shanya a bayan danga na ji ƙarar sanda a jikin dabba, ba bugun kora ba, bugun mai fushi. Na leƙa ta tsakanin karare. Ɗaya daga cikin bijiman ya durƙusa don gajiya, Auwalu na ta zabga masa yana zagi, gumi na zuba masa, yana sosa hanci da wuya kamar wanda ƙaiƙayi ya zuba wa. A nan na ga wuyansa ya yi tsawo, rigar ta yi masa yawa. Da ƙanwarsa Rabi ta ce, "Yaya, ai ya gaji," sai ya juyo mata da sandar. Bai buge ta ba, amma ya ɗaga. Yaron da ko kaza bai taɓa jifa ba.

Sai aka yi ruwa mai yawa a tsakiyar damina, ƙoramar da ke tsakaninmu da hanyar Gwiwa ta cika, ranar kasuwa ta zo ba wanda ya haye. Washegari Auwalu bai fita ba. Daga ɗakinsa ina jin hamma, hamma, kamar ba za ta ƙare ba. Hanci na zuba, ido na hawaye, yana kukan ƙafafu da baya, yana zaryar bayan gida, ya rufa da bargo ya yaye. Dada ta ce zazzaɓin damina ne, ta dafa masa ganyen darbejiya ya yi surace. Bai yi komai ba. Da ruwa ya janye, wani abokinsa ya zo a kan babur, ba cikin abokansa na da ba, wani sabo ne da ban san gidansu ba. Ya shiga ɗakin, bai kai tsawon shan ruwa ba ya fito ya tafi. Kafin in gama wanke-wanke Auwalu ya fito yana fito da baki, ya ɗaura wa shanu karkiya. Dada ta ce, "Alhamdu lillahi, suracen ya karɓe shi." Na haifi 'ya'ya, na yi jinyar zazzaɓi iri-iri, ban taɓa ganin wanda gaisuwar aboki ke warkarwa ba.

Daga ranar na fara neman abin da ban san sunansa ba. Ban shiga ɗakinsa ba, ƙafata ba ta taɓa taka shi ba. A turken shanu na samu, ina kwashe taki. An cusa su cikin danga, fallayen magani irin masu ƙyalli da ake ɓallo ƙwaya daga ciki, duk babu komai, wasu sun yi ƙasa wasu sababbi. Na yi ta zarowa har suka cika mini tafi biyu. Na ƙulle su a bakin zane. Da na raka Rabi, wadda ta dawo gida goyon ciki, awo a ƙaramin asibitin Roni, sai na jira mutane suka ragu, na kwance wa malamar asibitin.

Ta juya ɗaya ta karanta bayansa. "Mama, wannan tiramol ne, kuma mai ƙarfin. Na waye?"

"Na wani yaro ne a maƙwabta."

Ta dube ni, ba ta ƙaryata ni ba. "Yaron maƙwabtan nan, ya daina cin abinci? Yana saurin fushi? In bai samu ba yana kwanciya ciwo?"

Na ce duk yana yi.

"To ya riga ya kama shi. Da ɗaya ake farawa, sai ɗaya ta daina isa. A kai shi babban asibiti kafin ya fara faɗuwa yana shure-shure, don yana sa haka. Kuma kada a kulle shi a ɗaki a ce ya bari da ƙarfi, jikinsa ya saba. Masu aikin sun san yadda ake janye shi."

Na dawo na faɗa wa Malam, ban nuna masa fallayen ba, na ce dai na ji ana cewa na ɗakin Dada yana shan ƙwaya. Ransa ya ɓaci, amma da ni.

"Maganin gajiya ne. Duk 'yan ƙwadagon garin nan suna jefawa a shayi da damina. Ana cire amfanin gona zai bari. Kada in ƙara jin wannan kalma a gidana, ana shirin haɗa zuri'a da mutanen kirki."

Gaskiya ya faɗa a abu ɗaya, da yawa suna sha. Shi ya sa ba wanda ya ga abin a matsayin ciwo. Mai shan giya kowa ya san shi, yana tangaɗi yana wari. Wannan kuwa yana salla a sahun gaba, yana aikin mutum uku, ana sa masa albarka.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya faɗi. Da tsakar rana aka shigo da shi ranga-ranga, ya ciji harshe, jini a gaban riga. Waɗanda suka ɗauko shi suka ce ya yanke jiki ne yana ta karkarwa, ido ya juye. Sai wani ya ƙara da cewa a gonar gindin tsamiya ne. Shi ke nan, magana ta ƙare. Tsamiyar nan tun muna amare ake ce mana kada a ratsa ta da tsakar rana, kuma ga wanda ya yi ta aiki a ƙarƙashinta rana na tsaka. Dada ta yi salati ta ce ta san za a yi haka. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, liman ya zo ya yi masa karatu. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita na tashi, kuma na yi tawa a kan buzuna har goshina ya yi zafi. Amma ina ji a raina kowa ya sami sauƙi da wannan bayani. Aljani ba abin kunya ba ne, kowa zai iya gamuwa da shi. Har iyayen Hajara suka aiko da gaisuwa da ƙwaryar fura. Shi kansa Auwalu da ya farfaɗo aka tambaye shi ko ya ga wani abu, sai ya ce kamar ya ga wata farar mace. Ina bayan ƙofa na ji, na ce a raina, Allah ya shirye ka.

Faɗuwa ta biyu a bakin rijiya ce, inda babu tsamiya ko ɗaya. Yana jan guga zai shayar da shanu abin ya zo masa. Rabin jikinsa ya riga ya shiga, wani makiyayi da ke jiran layi ya cafko ƙafarsa. Da aka zo aka faɗa, ina riƙe da muciya, ban san lokacin da na sake ta cikin wuta ba. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga Malam, ga yayansa Baffa Jauro wanda shi ne babban gidan, ga Dada, ga liman. Auwalu na zaune a gefe ya sunkuyar da kai. Ni ina madafa, inda ya kamata in kasance. Baffa Jauro ya ce akwai wani mai maganin iska can gaba da Babura, a tsallaken iyaka, a kai shi ya kwana biyu. Dada ta ce a kuma matso da biki, in ya sami mace a ɗaki hankalinsa zai kwanta. Aka ce madalla. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Na fito. Ban shirya abin da zan ce ba. Na durƙusa a bakin tabarma kamar yadda ake yi, na kwance bakin zanena, na zazzage fallayen a gabansu. Suka watsu har kan ƙafar Baffa Jauro.

"Ku gafarce ni, Baffa. Ku gafarce ni, Dada. Ba iska ba ce. Ga abin da ke kayar da shi."

Sai na juya, na dubi fuskarsa sosai, abin da ban yi ba tun yana goye.

"Auwalu. Ɗago ka dube ni. Ƙarya nake yi?"

Sunan ya fito mini da nauyi, kamar ba da bakina ba. Dada ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Yau na ga abin da ya ishe ni. Ke, a gaban surukanki? A gaban liman? Ina filakon da aka san ki da shi?"

"Dada, yau da safe saura kaɗan a ciro miki shi daga rijiya."

"Ɗana ne, ni na raine shi, na fi ki sanin halinsa!"

"Ke kika raine shi, ban musa ba. Allah ya saka miki. Amma Kazaure za a kai shi, asibiti. In ba mai kai shi, ni zan kai shi."

Kun san abin da Kazaure ke nufi a irin wannan magana. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a can, a ƙauye kuwa gidan mahaukata ake ce masa, kuma wanda aka kai, ko ya warke, sunan ya bi shi. Baffa Jauro ya miƙe ya kaɗe riga ya ce shi ba za a yi wannan da shi ba. Auwalu ya fara rantsuwa, ya ce ba nasa ba ne, sannan ya ce na da ne ya daina, sannan ya ce ɗaya-ɗaya yake sha kuma gobe ma zai iya bari in ya so. Duk a zama ɗaya. Liman, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauki falle ɗaya ya juya shi, ya ce, "Malam Sale, addu'a ba ta hana asibiti." Ubanku ya daɗe yana kallon tabarma. Na san yana lissafin abin da zai rasa, surukai, da yayansa, da bakin mutane. Da ya ɗago, bai dube ni ba.

"Tashi ka sa riga," ya ce wa Auwalu. "Uwarka ta yi magana."

A gidan nan ba wanda ya taɓa ce masa uwarka yana nufina. Da safe muka shiga mota mu uku.

Ba zan ba ku labarin asibiti da tsawo ba. Likita ya tambayi Malam yaushe abin ya fara, Malam ya juyo ya dube ni, ni na amsa komai. Ni na zauna jinya, a kan tabarma a baranda tare da sauran mata, kuma a can na gane ba mu kaɗai ba ne. Akwai uwar ɗan acaɓa, akwai matar wani ma'aikacin gwamnati, akwai wadda 'yarta ce ke shan maganin tari. Kwanakin farko sun yi muni. Ya yi gumi, ya yi amai, ya roƙe ni, ya zage ni. Da hannuna na ba shi koko, yana kawar da kai ina bin bakinsa. Daga baya barci ya dawo masa, sannan ci.

A gida kuwa labari ya riga mu komawa. Iyayen Hajara suka maido da kayan sa rana, da sallama mai kyau, ban kuma ga laifinsu ba. Dada ta daina cin tuwona, sai Rabi ta dafa mata daban, haka muka zauna har kusan ƙarshen ranta. Baffa Jauro ya rasu yana amsa gaisuwata da ka. Aka daina yi wa amare misali da ni, aka koma yi musu gargaɗi. Abin ya yi mini ciwo, musamman na Dada, don ina sonta kuma na san son yaron ne ya sa ta. Amma ban taɓa neman gafarar abin da na yi a kan tabarmar nan ba.

Auwalu kun san shi yanzu, da rumfarsa ta hatsi a Babura, da tumbinsa, da faɗan da yake yi wa 'ya'yansa a kan salla. Abin da ba ku sani ba, ya sake koma wa ƙwayar sau ɗaya a shekarar da ta biyo, kuma da ƙafarsa ya mayar da kansa Kazaure ba wanda ya kai shi. Wannan ya fi mini duk huɗar da aka yabe shi a kai. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban zauna jira ba. Ku dai ku riƙe wannan, duka maza da mata: in naku ya canza ci, ya canza barci, ya canza abokai, ya fara fushi da abin da yake so, kada ku jira sai ya faɗi. Kuma kada ku tsaya neman wanda ya dace ya yi maganar. Wanda ya gani shi ya dace.

Ranar da aka sallame shi ya ce ba zai koma ƙauye ba. Malam ya yarda ya tafi wurin ƙanena a Babura ya koyi harkar kasuwa. Na raka shi tasha. Ya shiga bas ya zauna a bakin taga, ni ina tsaye a ƙasa da ƙullin kayan jinya a kaina, ana jiran mota ta cika. Sai da direba ya tayar da mota ya yi magana, yana kallon gaba.

"Adda, da kin yi shiru, da yanzu ina da mata."

Na ce, "Da yanzu tana takaba."

Motar ta ja, na tsaya har ta sha kwana, sannan na je na nemi ta Roni.